Akwatuna Goma Sha Ɗaya a Girbin Gwoza

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Gobe za a buɗe girbi. Na zaga akwatunan raba layi duka goma sha ɗaya, daga ofis har filin arewa, na buɗe kowanne na duba. Fitilunsu duk kore ne. Wannan shi ne girbi na ashirin da uku da zan yi wa ƙungiyar manoman gwozar sukari, kuma a duk cikinsu ba a taɓa tsayar da sikeli na rabin awa saboda layina ba. Na rubuta a nan ne don na san babu wanda zai tsaya ya faɗa mini.

Ni da Arlen Bjerke muka ja wayoyin nan da hannunmu, tun yana da gashi a ka. Shi ya koya mini aikin. Yanzu a takarda ni ce sama da shi, shi ya sa yake kirana Shugaba duk lokacin da yake son ya ba ni haushi. Yau ya raka ni zagayen, yana tuƙi ina rubutu. Sau biyu ya tambaye ni yaushe za a fara girbi. Duk mun gaji.

Talata, 1 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Layi ya ɗauke da bakwai da minti goma sha biyu, ya dawo da kansa. Ya sake ɗaukewa da bakwai da minti talatin da biyar, ya sake dawowa. Kowanne bai kai minti ɗaya da rabi ba. Matsalar ita ce kwamfutocin ɗakin awo, in layi ya kuɓuce musu sai sun yi kwata kafin su farfaɗo. Ofelia Treviño, wadda ke riƙe da ɗakin awo shekara goma sha tara, ta kira ni ta ce motoci sun kai bakin babban titi, direbobi sun fara sauka suna leƙo mata taga. Na ce mata ranar farko ce, komai yana miƙa ƙafa. Ta ce to in gaya wa layina ya miƙa tasa da wuri.

Laraba, 2 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ya sake yi. Sau biyu, tsakanin bakwai da takwas.

Curt Vangsness ya kira ni ofishinsa. Shekararsa biyu a kujerar manaja, mutumin kirki ne, amma idan manoma suka ɗaga masa murya sai ya nemi wanda zai ɗaga wa. Na yi masa bayanin da na yi wa manajoji uku kafinsa. Akwatunan suna zaɓar ɗaya a cikinsu ya zama tushe, namu shi ne na ofis. Daga filin arewa hanya biyu ce ke dawowa, don in tarakta ta tsinke ɗaya a bi ɗayar, amma dole ɗaya ta zauna a rufe, in ba haka ba saƙo zai yi ta zagaye yana ninkuwa har ya shaƙe komai. Tushe yana aika sallama duk bayan daƙiƙa biyu. Akwatin da ya daina jin sallama zai yi haƙurin daƙiƙa ashirin da takwas kafin ya yanke cewa hanya ta mutu, sannan ya yi jinkirin ashirin da ɗaya sau biyu kafin ya buɗe wata. Abin da ke faruwa da safe ke nan, akwatunan suna sake shawara. Abin da ban sani ba shi ne me ke tayar da su.

Ya ce me ya sa lokutan suka yi tsawo haka. Na ce daga masana'anta ashirin da sha biyar ake sa musu, amma wannan lissafin akwatuna bakwai ne. Namu sha ɗaya ne a jere, sallama tana tsufa a hanya, dole a ba ta lokaci ta isa. Arlen ne ya yi lissafin a bayan takardar abinci a shagon kofi na bakin gada, na duba shi sau uku, kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Na tuna masa kuma akwai sababbin akwatuna da ke gama shawara kafin ƙiftawa, shekara biyar ina nema ana ce mini sai baɗi.

Ya ce shi dai ya daina. Na ce zai daina.

Alhamis, 3 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Yau shiru. Arlen ya kai matarsa Lavonne wurin likitan haƙori a Fargo, ni kaɗai na riƙe komai, kuma komai ya tafi daidai.

Juma'a, 4 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Bakwai da minti tara. Bakwai da rabi.

Wannan karon ina zaune gaban kundin da akwatin ofis ke rubuta duk abin da ya same shi, na gani da idona. Ba hanya ce ke mutuwa ba. Wani akwati ne ke shigowa ta wajen na biyar, tsohuwar rumfar awo da aka daina aiki da ita, ya ce shi ne tushe, sauran su bi shi. Bayan minti ashirin ya ɓace, su sake komawa na ofis.

Kowane akwati yana da lambar shaidarsa. Na ga lambar. Ba sai na duba littafi ba, na san ta kamar lambar wayar gidanmu ta dā. Tushenmu na farko ne, wanda muka sauke shekara shida da suka wuce.

Curt ya leƙo ya ce ko an samu wani abu. Na ce ina kan bincike.

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

An tsayar da girbi, rana ta yi zafi, gwoza mai ɗumi ruɓewa take a tsibi. Na je ɗakin ajiya. Wurin tsohon akwatin a kan kanta yana nan, har shatinsa ana gani, shi ne babu. Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya yana aljihuna.

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Bayan coci, wurin shan kofi, na tambayi Arlen ko ya tuna inda tsohon tushe yake. Ya ce ai shi da kansa ya zubar da shi tun tuni. Ya faɗa yana kallon idona, yana tauna biskit, ko gezau. Shekara ashirin da uku bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko ta wasa. Na yarda da shi.

Na yarda da shi.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Na yi niyyar in je tsohuwar rumfa da sassafe, sai Curt ya sa taro ƙarfe bakwai. Ya ɗauko wani ƙwararre daga Minneapolis, sunansa Preston, takalminsa ko ɗigon laka babu. Muna cikin gaisawa layi ya ɗauke a gabansu. Arlen bai shigo ba sai takwas saura minti goma, da kwalin cincin mai sukari a hannu, yana cewa babu wanda ya gaya masa akwai taro. Na gaya masa jiya, na kuma bar masa saƙo.

Preston ya nemi ya ga yadda aka saita tushe. Da ya ga ashirin da takwas da ashirin da ɗaya sai ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin wanda ya ƙara wa lokutan nan tsawo da gangan ba, kowa ragewa yake. Ya ce a mayar da haƙuri shida, jinkiri huɗu, duk abin da ke tayar da akwatunan za su gama shawara kafin kwamfutocin awo su lura. Na ce masa da shida sallama ba za ta kai filin arewa da rai ba. Na can za su ɗauka babu tushe, su buɗe hanyar da ya kamata ta zauna a rufe. Ya ce littafi ya yarda da shida da huɗu. Na ce littafi bai taɓa zuwa filin arewa ba.

Sai ya tambaye ni, cikin ladabi kuwa, in ba lokutan ba ne matsalar, to mene ne. Curt yana kallona. Arlen yana gefe yana raba cincin. Na ce ina kan bincike.

Bai nemi kundin ba. Ni kuma ban miƙa masa ba.

Curt ya ce gobe ƙarfe ɗaya za a canza. Na rubuta rashin amincewata a takarda, na sa hannu, na ajiye masa a tebur. Abin da na faɗa daidai ne, kowace kalma.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na riƙe Arlen a ofis tun shida da rabi, na ce injin buga takarda ya lalace. Bai lalace ba. Layi bai ɗauke ba.

Talata, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Awa biyu da minti goma babu layi.

Preston ya shigar da lambobinsa ƙarfe ɗaya daidai. Minti uku komai lafiya, har Curt ya fara murmushi. Daga nan fitilun akwatin ofis suka daina ƙyaftawa, suka tsaya cak a kunne gaba ɗaya, wanda duk ya san aikin ya san me wannan ke nufi. Sikeli huɗu suka mutu, wayoyin tebur suka mutu, har ƙofar shiga ta daina buɗewa. Preston ya so ya mayar da abin da ya canza, amma akwatin ya shaƙe, ko harafi ɗaya ba ya karɓa. Sai an je filin arewa, mil shida, an cire waya da hannu an yanke zagayen. Hanyar kuwa motocin gwoza sun cika ta bakin juna.

Na juya in ce wa Arlen ya ɗauko mota, babu shi. Na kira shi bai ɗauka ba. Ba zan rubuta abin da na yi tunani a lokacin ba.

Bayan minti talatin da biyar wayata ta yi ƙara.

"Shugaba, na cire shuɗiyar ta akwati na sha ɗaya. Shiga ki mayar mana da lambobinmu."

Ashe tun da ya ga fitilun ya fita, ya bi ta cikin gonar su Rustad da tsohuwar motarsa, ya tsallake rami biyu. A cikin wayoyi ashirin da huɗu ya cire wadda ta dace, ita kaɗai, ba tare da ya tambayi kowa ba. Na zauna na rubuta biyu, ashirin da takwas, ashirin da ɗaya. Preston yana tsaye a bayana, ban juya ba. Na ƙirga a zuciyata, fitilu suka soma ƙyaftawa ɗaya bayan ɗaya. Sauran lokacin ya tafi ne wurin tayar da akwatuna biyu da suka sanƙare da kwamfutocin Ofelia.

Curt ya ce da ya saurare ni. Preston ya ba ni hannu ya ce shi ya yi kuskure, kuma na ga girmansa a nan. Da Arlen ya dawo, laka har gwiwa, ma'aikatan ofis suka tafa masa. Na fi kowa tafi.

Ya kamata in ji daɗi fiye da haka. Na yi daidai a gaban kowa.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu na rana

Na je rumfar. Na gani.

Bayan na dawo na sa wa duk ƙofofin akwatunan tsaro, yadda duk baƙon akwatin da ya ce shi ne tushe za a rufe masa ƙofa nan take. Aikin minti arba'in ne. Curt ya sa hannu bai ko karanta ba. Da na nema tun Juma'a, da ya tambaye ni dalili.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Na faka bayan rumfar bakwai saura kwata. Bakwai da 'yan mintuna Arlen ya iso. Ya ɗauko akwatin daga bayan kujera, a naɗe cikin bargo, da butar kofinsa a hammata. Da ya gan ni sai fuskarsa ta washe. Ya ce na zo a daidai, zai gwada layi kafin a buɗe sikeli, kada Gordon ya zo ya same mu ba mu gama ba. Haka muke yi kowace safiya a girbinmu na farko. Gordon shi ne manajan da ya ɗauke mu aiki. Ni da Arlen muna cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Na ce masa na riga na gwada, komai lafiya, ya kawo akwatin in kai ajiya. Ya miƙo mini ba musu. Muka zauna a bakin rumfar muka sha kofinsa. Can ya dubi motocin da ke wucewa, ya dube ni, ya ce me muke yi a nan. Na ce kofi muke sha.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Preston ya san aikinsa, in ya nutsu. Kafin ya tafi ya karanta kundin, ya ga baƙon akwatin, ya gaya wa Curt wani ne ke jona shi da hannu. Curt ya ɗauka ɓarna ce. Ya ce zai kira 'yan sanda, kuma a fara da ma'aikatan wucin gadi na ɗakin awo, tunda su ne ke wucewa ta rumfar da safe. Rabinsu dangin Ofelia ne, daga Texas suke zuwa duk shekara tun zamanin iyayensu.

Ofelia ta same ni a wurin ajiye motoci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce an tambayi ƙaninta inda yake ƙarfe bakwai, a gaban direbobi.

"Marlys, ke kin san wani abu. Tun Juma'a ba kya kallon idona. Ni ban ce ki gaya mini ba. Amma ba za a ɗora wa mutanena ba."

Na koma na ce wa Curt na san akwatin, na san inda yake, babu hannun kowa daga ɗakin awo, kuma ba zai sake faruwa ba. Na ce ya ba ni zuwa Litinin, ranar taron shugabannin ƙungiya. In bai gamsu ba ranar, ga makullaina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Litinin.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Na je gidan su Arlen da rana, lokacin da na san yana filin arewa. Na tarar da Lavonne tana murza lefse, gurasar dankalin da take kai wa coci. Ban gama jimlar farko ba ta ajiye muciyar ta zauna.

Ta ce tun bara. Makullin mota a cikin firji. Wata rana a bazara ya tafi gidan 'yarsu, hanyar da ya bi sau dubu, ya kira ta daga wani gari mil arba'in yana tambaya ta ina ake juyawa. Ta yi masa maganar likita sau uku, ya ce bayan girbi. Ta ce tana ta addu'a aikin ya riƙe shi, don a wurin aiki ne kawai yake zama shi ɗin da ta sani. Ta ce ta ɗauka ni zan fara lura. Na ce na lura.

Ba mu kira sunan abin ba, ni da ita. Ta naɗe mini lefse shida na taho.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na gaya masa. A motata, gaban injin tara gwoza na biyu, inda ƙara ba za ta bar kowa ya ji mu ba. Na nuna masa kundin a takarda, rana da lokaci, da lambar akwatin. Ya sa tabarau ya bi layi-layi da yatsa kamar yadda ya koya mini. Shi da kansa ya lura ranar Alhamis babu komai, ya ce ranar likitan haƙori ce. Ya lura da Talata, na ce injin buga takarda. Ya cire tabarau.

Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce Juma'ar makon jiya. Ya yi lissafi, har yanzu ya fi ni sauri. Ya ce ke nan ranar da na bar mutumin Minneapolis ya taɓa tushe na riga na sani.

"Ban koya miki haka ba, Marlys. In kin ga abu a kundi, ki faɗa. Ko na uban wa ne."

Wannan ce kawai maganar da ya yi da zafi. Sauran ya tambayi ko an taɓa wani saboda shi, na gaya masa zancen ƙanin Ofelia. Ya buɗe ƙofa ya sauka, na ga ya nufi ɗakin awo a ƙafa. Ban bi shi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ban je coci ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na shirya abin da zan faɗa, ban samu na fara ba. Arlen ya zo da rigarsa ta zuwa biki, da takarda a hannu, ya ce wa manoma tara da ke zaune shi zai fara, kuma su yi haƙuri zai karanta ne, don bai amince da kansa ya faɗa da ka ba. Ya karanta ranaku da lokuta. Ya ce shi ya jona akwatin, bai tuna ya yi ba, amma kundi ba ya ƙarya. Ya ce ya ba ma'aikatan awo haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ya ce yana da ganin likita ranar ashirin da tara. Ya ajiye makullansa a tebur, duka, har da na ɗakin ajiya. Ban taɓa ganin mutum ya tsaya a miƙe haka ba.

Sai na tashi na ce na gane akwatin tun ranar huɗu ga wata na yi shiru, kuma da na yi magana da ba a taɓa lokutan ba, da ba a yi asarar awa biyu ba. Curt ya so ya ce shi ya yanke shawarar. Na ce ya yanke ta ne da rabin labari, sauran rabin yana aljihuna.

Tsoho Rustad, wanda Arlen ya bi ta gonarsa, ya ce shi dai yana so a rubuta a takardar taro wanda ya cire shuɗiyar waya. Aka rubuta.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Kwana takwas layi bai ɗauke ba ko na daƙiƙa ɗaya. Rediyo ya ce sanyi mai daskarar da ƙasa yana tafe gobe. Kowa yana gudu. Ofelia ta auna mota dubu ɗaya da ɗari biyu jiya, ba ta kira ni ko sau ɗaya ba. Na san dalili biyu ne.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙasa ta daskare. An kwashe kusan komai. Eka arba'in na Rustad ne suka rage a ƙasa, da 'yan kaɗan na wasu mutum biyu. Kowa yana cewa ko ba a yi asarar awa biyun nan ba da wuya a kai gare su. Ban yi lissafin ba. Na san yadda ake yinsa, ban yi ba.

An ba ni takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata. Na karanta, babu kalmar da ba gaskiya ba, na sa hannu. An kuma amince a sayo sababbin akwatuna kafin baɗi, kuma ni zan saita su.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Ofelia ta shigo ofishina ta ajiye kwanon tamale mai zafi, abincinsu na masara, a kan takarduna. Ta ce rabi nawa, rabi in kai wa tsohon, wato Arlen. Ta ce har yanzu tana fushi da ni, kada abinci ya ruɗe ni.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Babu taswirar inda muka binne wayoyi. Ba mu taɓa buƙata ba, Arlen ne taswirar. Shi ya kira ni ranar Alhamis ya ce in zo da littafi da ƙananan tutoci, a yi abin nan tun yana iyawa.

Na ɗauko shi ƙarfe takwas. Muka fara daga bayan ofis muka bi layin a ƙafa inda za a iya, a mota inda ba za a iya ba. Yana gaba da sanda, ina baya ina rubutu. A nan ƙafa huɗu ne zurfin wayar. A nan ta karkata hagu saboda bututun ruwa. A nan aka yi mata ɗori shekarar ambaliya, kada a bar kowa ya haƙa. Ya san wace waya ce ta bi ƙarƙashin layin dogo da sunan mutumin da ya huda mata hanya. Sau uku na gwada shi da na'urar neman waya, sau uku tana ƙara daidai inda ya kafa sandarsa. A na ukun ya ce in daina ɓata batir.

Mun kafa tuta ɗari da sittin da biyu. Na cika shafi talatin da ɗaya. Wanda duk zai zo bayana zai samu layin nan a rubuce tun daga ofis har filin arewa, kuma na sa sunan Arlen a bangon littafin, sama da nawa.

Da muka kafa ta ƙarshe a gindin akwati na sha ɗaya, rana ta yi ƙasa, tsibin gwoza yana ta hayaƙin sanyi. Ya tsaya ya juya yana kallon tutocin a jere har inda ido ya ƙare. Ya ce aiki mai kyau ne muka yi. Na ce sosai. Sannan ya shafa aljihunsa, ya duba hagu da dama.

"Marlys, ina na ajiye motata?"

"Ni na kawo ka, tsoho."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini sandar.

"To kai ni gida."